Gyaran Murya a Ƙasar Hangari

Na sauka a tashar jirgin ƙasa ta garin da jami'ar da zan yi karatu take, can kudancin Hangari, da jaka biyu, da kilishin da matata Hajara ta ƙunshe mini, da hula zanna wadda ba ruwanta da rufe kunne. Mutumin da muka yi ta magana da shi ta waya tun ina Daura, wanda ya ce ya kama mini ɗaki kusa da makaranta har ya turo hoton gado da taga, bai zo tarbata ba. Na kira, na sake kira, waya a kashe. Na ja kayana na bi adireshin da ya ba ni, ina tambayar mutane da hannu don ba mai jin Turancina, sai ga ni a ƙofar shagon gyaran keke. Mai shagon ya dubi hoton ɗakin, ya dube ni, ya girgiza kai yadda na gane ba ni ne na farko ba. Na zauna a kan jaka kamar wanda ya isa Kongolam ya tarar an rufe iyaka.

Mai gyaran keken nan, Allah Ya biya shi, bai kore ni ba. Ya goge hannunsa, ya yi waya, ya daɗe yana magana da yarensu yana nuna ni kamar wadda yake yi wa bayani tana ganina. Can sai ga wata tsohuwa gajeriya da ɗankwali, ƙanwar mahaifiyarsa, sunanta Marika. Ɗanta ya tafi aiki wata ƙasa, ɗakinsa ba kowa. Ta kalle ni sama da ƙasa, ta kama hannun kaftanina ta murza yadin da yatsu biyu, ta yi tsaki. Muna isa gidanta, kafin ta nuna mini ɗaki ta buɗe akwati ta ciro wani kwat mai nauyi na marigayi mijinta, yana ƙamshin kafur, ta jefa mini a kafaɗa. Tun ranar nake ce mata Inna Marika, ita kuma ba ta taɓa iya faɗin Sabi'u daidai ba.

Bari in faɗi abin da ya kai ni da abin da na bari. Ni malamin lissafi ne a wata sakandare a Sandamu. Da na samu tallafin karatun digiri na biyu, hutun karatu bai samu ba, sai na ajiye aikin ɗungurungum. Mahaifina malamin zaure ne a cikin Daura, ya tara mutanen unguwa aka yi mini addu'a, har da waɗanda suka taso daga Dutsi. Tallafin kuwa da sharaɗinsa: zangon farko gwaji ne. A ƙarshensa kowane farfesa zai zaɓi waɗanda zai riƙe su yi bincike a hannunsa. Wanda ba a zaɓa ba, tallafi ya yanke, takardar zama ta mutu, sai ya tattara. A fannin da na je dominsa farfesa ɗaya ne tak. In bai ɗauke ni ba, zan koma Daura ba digiri, ba aiki, in bi ta gaban mutanen nan da suka ɗaga hannu suka shafa mini fatiha.

A gida ana yawan tambayata me na gani a lissafi har na saki aikin gwamnati. Amsar ba ta taɓa gamsar da kowa ba. Ina aji ɗaya a sakandare malaminmu ya fitar da mu waje ya ce mu tsinto tsakuwa. Ya ajiye ɗaya. Ya kewaya gefe biyu nata da uku, suka zama huɗu, biyu a tsaye biyu a kwance. Ya ƙara biyar, suka zama tara, uku da uku. Ya ƙara bakwai, ga sha shida, huɗu da huɗu. Ya bar mu muna kallo. Ni kuwa tsigar jikina ta tashi, don na ga ba sa'a ba ce, dole ce, kuma haka zai ci gaba ko tsakuwar duniya ta ƙare. Abin da na ji irin wanda mutum yake ji ne in mai kyakkyawar ƙira'a ya sauke aya daidai inda ya kamata. Tun daga ranar abin nan nake bi, shi ya kai ni har ƙasar da rana take faɗuwa kafin a gama la'asar.

Farfesan tsoho ne dogo, kullum aljihunsa fari fat da alli. Fanninsa ɗigo da layi ne: a ce ɗigo gari ne, layi kuma hanya tsakanin gari da gari, sai a yi ta binciken abin da dole ya kasance. Yana da wata ɗabi'a. Zai kawo magana, ya kafa mata hujja doguwa, ya cika allo, ya share, ya sake cikawa. In ya gama sai ya juyo ya zuba wa aji ido, sannan ya ce, "Kun gamsu?"

Sau da yawa tun yana tsakiyar allo nakan hango wata hanya gajeriya da za ta kai inda yake son zuwa. Amma ni a zauren Baba na tashi. A can, in Malam ya tsallake layi a littafi, ko ya ɗauko bayani alhali ga wanda ya fi shi kusa, ɗalibi ba ya buɗe baki ya ce, Malam ba haka ba ne. Haba! Ko mai furfura ne ba ya yi. Sai dai ya sunkuyar da kai ya yi gyaran murya, a hankali, sau ɗaya. Malam zai tsaya ya koma baya ya duba. In ya ga abin, ya gyara kamar shi ya gano, ba wanda ya ji kunya. In bai gani ba, bayan an tashi ya kira ka gefe ya ce, "Me ka hango ɗazu?" Haka na ga ana yi tun ina rarrafe, haka ni ma na yi wa malamaina har jami'a.

Saboda haka duk ranar da na hango gajeriyar hanya, sai in sunkuya in yi gyaran murya. Farfesa ya waiwayo ya dube ni, ya ci gaba da rubutu. In an tashi in yi ta jan jiki wajen tattara takardu, ina jira ya kira ni gefe. Ina! Sai dai ya ɗauki hularsa ya wuce.

Wata safiya na tarar da ɗan gwangwani a kan teburina. Na buɗe, alewar tari ce. Na ɗaga kai, Farfesa yana nuna maƙogwaronsa yana mini murmushi, ya ce sanyin ƙasarsu ba ya raga wa baƙo. Na miƙe na riƙe gwangwanin da hannu biyu na ce na gode, a raina kuwa kamar in fasa ihu. To me zan ce? In ce ba tari nake ba, hujjarka ce ta yi tsawo? Ga tsoho ya yi mini alheri a gaban mutane? Na jefa alewa a baki na zauna. Da Inna Marika ta ga gwangwanin, shi ke nan, ta samu aiki. Kullum da safe shayi da zuma da wani ganye mai ɗaci, ta ɗaure mini wuya da mayafin ulu kamar ɗan yaye, ta tsaya a ƙofa har sai ta ga na shanye. Lafiyata ƙalau, mutum biyu suna jinyata.

A ajin akwai wani Samir, ɗan wata ƙasa ta gabas, mai fara'a da saurin sabo. Shi ya nuna mini shagon da ake samun naman halal, shi ya koya mini hawa bas ɗin garin. Na sake da shi sosai, don wanda ba shi da kowa ba ya tsayawa zaɓe. Bayan darasi mukan zauna a ɗakin cin abinci, in zana masa abin da na hango a bayan takarda, don abin yana cina, dole in nuna wa wani. Yakan dafa kai ya ce, "Kai, wannan ya yi kyau!" Washegari ana shiga aji sai ya ɗaga hannu ya ce ya kwana yana tunani a kan darasin jiya, ga abin da ya fito masa. Ya je allo ya zana abina, har da inda nake sa ɗigon farko. Farfesa ya yi ta gyaɗa kai, fuskarsa ta yi haske yadda ban taɓa ganin ta yi mini ba.

Na farko na haɗiye. Na biyu na haɗiye. Da abin ya zame masa jiki na tare shi a matakala, don ni a gaban manya ne kawai bakina yake mutuwa, sa'ana kam ba na raga masa. Na ce, "Samir, ka ji tsoron Allah. Wannan ai sata ce da rana tsaka!"

Ko gezau. Ya ce, "Ka gani kafin kowa, ka zauna kana tari. Ni na hana ka magana? Ya tambaya ko mun gamsu, ka ce ka gamsu."

Abin haushin shi ne da gaskiyarsa. Daga ranar na daina nuna masa komai, shi kuma ya daina nuna mini ya san ni, sai ya zama ko wanda zan ce wa sannu a makarantar ba ni da shi.

Ana saura kaɗan zango ya ƙare Farfesa ya riƙa kiranmu ofis ɗaya bayan ɗaya. Na shiga na tsaya, sai da ya ce in zauna har sau biyu. Ya baje takardun jarrabawata a gabansa. Ya ce, "Ba kuskure ko ɗaya. Duk hujjar da na rubuta a allo ka dawo mini da ita yadda na ba ka, har wuraren da na yi kwana ba dalili." Na ce na gode, a zatona yabo ne. Ya cire tabarau ya ce, "Injin kwafi muna da shi a ƙasa, ba ya buƙatar tallafi. Hujja tana iya zama daidai kuma ta zama mummuna. Ni mai ganin munin nake nema, wanda abin zai dame shi har ya kasa zama. Kai ban ga abin yana damunka ba." Ya ce in ɗaga kai in dube shi in yana magana. Na ɗaga, idona ya sake komawa ƙasa da kansa. Ya yi ajiyar zuciya ya tambaye ni ya tarin.

Ban san yadda na iso gida ba. Kwanakin nan abinci ya daina shiga, wandona ya fara zamewa. Kilishin Hajara da nake ta tattali, ina yagar kaɗan in kewa ta taso, ya ƙare. In ta kira tana dariya tana ba ni labarin matan unguwa sun fara ce mata matar Dakta, sai in kawar da zancen. Ta ce an riga an kawo wani malamin a gurbina a Sandamu, yara suna ta tambaya yaushe zan zo hutu. Na ce mata komai lafiya. Ta ce, "Malam, muryarka ba ta ce lafiya ba." Na ce sanyi ne. Ita ce ta je ta gaya wa Baba.

Ya kira ni da hantsi bayan ya sallami masu karatun safe. Baba ba ya son waya, in ya kira to magana ce. Na yi niyyar ɓoyewa, amma yana cewa "Sabi'u, gaya mini," sai komai ya zubo, har da alewa da shayin Inna Marika. Ina jira ya yi salati, sai na ji dariya. Dariya sosai, har da tari na gaskiya.

Ya ce, "Kai ma dai, Sabi'u! Gyaran murya ai tsakaninmu ne. Ni da nake tsayawa in na ji ta, don na san abin da take nufi ne, ni ma haka na yi wa nawa malamin. Wanda bai taso a ciki ba, ai tari ka yi masa, ya kuma kyauta da ya ba ka magani."

Na ce, "Baba, tsoho ne, ya kai ka. Ta yaya zan miƙe a gaban aji in ce masa ba haka ba?"

Ya ce, "In liman ya miƙe zai ƙara raka'a, tari kake yi masa? Subhanallahi kake cewa, da ƙarfi, har sahun baya su ji. Raini ne wannan? Sallarsa kake tsare masa."

Na ce, "Ai shi ba kuskure yake yi ba. Tsawo ne kawai."

Ya ce, "To in ka ga dattijo a tashar Daura zai je Zango ya shiga motar Kazaure, sai ka bar shi don kana jin nauyinsa? Mutumin nan ya gaya maka da bakinsa abin da yake so. Bin maganar malami ai shi ne ladabin."

Na ce to. Amma cewa to a waya daban, buɗe baki a aji daban. Darasi biyu suka wuce ina zaune, maganar tana zuwa har maƙogwaro tana komawa.

Ranar darasin ƙarshe ƙanƙara ta rufe garin. Kowa ya san da yamma za a kafe sunayen waɗanda aka zaɓa. Farfesa ya ce yau tsohuwar magana zai kawo, wadda duk mun sani. A ce ga garuruwa an haɗa su da hanyoyi, daga kowane gari ana iya zuwa kowane gari, amma babu zagaye, wato ba inda za ka tashi ka kewayo ka dawo ba tare da ka sake taka hanyar da ka bi ba. To yawan hanyoyin kullum yawan garuruwan ne, ban da ɗaya. Ya fara hujja. Ya kasa ta gida-gida, kowane gida ya sake kasa shi, allo ya cika, ya jawo na biyu.

Gaskiya ni ba ma sauraro nake ba. Na riga na fid da rai, tafiya gida nake shiryawa a kaina. Daga nan jirgin ƙasa zuwa babban birni. Daga can jirgin sama, a sauka Kano. Daga Kano motar Kazaure, daga Kazaure Daura, in san yadda zan shiga unguwa ba a gan ni ba. Ina wannan lissafin baƙin ciki sai na lura, duk inda na tsaya a tafiyar, hanya ɗaya ce tak nake kamawa in gida na nufa. Na dubi allo, na dubi ɗigogin nan da layukansu, tsigar jikina ta tashi kamar ranar tsakuwa.

Kafin in ankara na yi gyaran murya. Farfesa ya waiwayo, hannunsa ya tafi aljihu, na san wata alewar zai ciro. Wallahi ganin hannun nan ne ya tashe ni tsaye. Kujera ta faɗi a bayana. Na ce, "Farfesa, hanyar nan ta yi tsawo."

Ina jin idon Samir a ƙeyata. Tsohon ya daɗe yana kallona, sannan ya miƙo mini alli.

Allon duk a cike yake, sai ɗan wuri a ƙasa, dole na durƙusa. Na sa ɗigo na rubuta Daura. Na ja layi zuwa Dutsi, na ja zuwa Sandamu, na ja zuwa Mai'aduwa, daga Mai'aduwa na ƙara zuwa Kongolam. Na ce, "A zaɓi gari ɗaya a ce shi ne gida. Tunda babu zagaye, kowane gari hanyarsa ta zuwa gida ɗaya ce. To a ba kowane gari hanyar da yake fara takawa in ya tashi tafiya gida. Mutumin Kongolam tasa ita ce ta zuwa Mai'aduwa. Mutumin Mai'aduwa tasa ta zuwa Daura. Ba hanyar da za ta rasa mai ita, ba wadda gari biyu za su yi rabo, don kowace hanya tana da baki biyu, wanda ya fi nisa da gida shi ne mai ita. Kowa ya samu ɗaya. Gida ne kaɗai bai samu ba, don wanda yake gida ba inda za shi." Na ajiye alli. Na miƙe.

Farfesa ya matso. Ya ɗauki abin share allo, zuciyata ta ce shi ke nan, na yi wa dattijo rashin kunya a banza. Sai ya fara daga sama. Ya share nasa duka, allon farko da na biyu, a hankali, ya kewaye ɗan zanena ya bar shi shi kaɗai a ƙasa. Ya ja baya yana kallo kamar mai duban amfanin gona.

Ya ce, "Ina ne Daura?"

Na ce, "Gida."

Ya ce, "Yau ka fara ganin irin wannan?"

Na ce a'a. Ya ce to me ya rufe mini baki zango guda. Nan na gaya masa yadda ake yi a zauren Baba, kaina a ƙasa, ina haɗa Turancin da ƙyar. Ya ciro alewar da ke aljihunsa ya dube ta. Ya ce, "Wato duk tarin nan..." Bai ƙarasa ba. Na ga idonsa ya tafi kan Samir ya ɗan tsaya, kamar mai haɗa ranaku a kansa, sannan ya dawo kaina.

Ya ce, "Ranar Litinin ka zo ofishina. Duk tarin da ka yi mini tun farkon zango ina son in gan shi a kan allo, ɗaya bayan ɗaya."

Na ce, "Farfesa, ai kafin Litinin an rufe zango."

Ya ce, "An rufe wa masu tafiya."

A bakin ƙofar makaranta na kira Baba, ƙanƙara tana zubo mini a kan kwat ɗin mijin Inna Marika. Na fara tun daga safe, yadda na kasa shan shayi, yadda Farfesa ya cika allo, yadda kujera ta faɗi, ina ta zuba ko numfashi ba na yi. Ban kai ga Kongolam ba na ji Baba ya yi gyaran murya, a hankali, sau ɗaya.

Na tsaya cak.

Ya ce, "Sabi'u, hanyar nan ta yi tsawo. An ɗauke ka ko ba a ɗauke ka ba?"

Na ce, "An ɗauke ni, Baba."

Na ji ya ajiye wayar a kan buzu bai kashe ba, na ji takunsa ya nufi cikin gida, yana ƙwala wa Hajara kira da wata murya da ban taɓa jin ta a bakinsa ba.